Kiɗan da Ya Kayar da Baba

Mahaifina ne ke kaɗa ogan a cocinmu da ke Bukan Sidi, a garin Lafiya, tun kafin a haife ni. Malamin firamare ne, amma in ka shigo unguwa kana tambayar gidan malam za a ce maka wane malam, sai ka ce mai ogan sannan a nuna maka ƙofarmu. Ogan ɗin irin na da ne, akwatin katako da ake taka masa iska da ƙafa, wanda Turawan mishan suka bari. A wurinsu Baba ya koyi karanta kiɗa. Yana da wani littafi mai baƙin bango cike da ɗigo-ɗigo a kan layuka biyar-biyar, mu yara muna ce masa littafin kashin awaki, amma ba a gabansa ba.

A cikin littafin akwai wani kiɗa da ba shi da waƙa, ba a kuma taɓa shi sai ranar aure. Al'adar cocinmu ce, amarya ba ta sa ƙafa a ciki sai Baba ya fara shi. Uban yarinya zai riƙo hannunta tun daga bakin ƙofa, su taho a hankali ta tsakiyar benci har gaban fasto, kiɗan kuma ya ƙare daidai lokacin da suka tsaya. Baƙi sukan ɗauka sa'a ce. Ba sa'a ba ce, akwai wani madubin babur da Baba ya ɗaure a jikin ogan, ta nan yake kallon ƙafafun masu tahowa. In uban tsoho ne sai ya ja kiɗan, in mai rawar ƙafa ne ya ɗan ƙara masa wuta, ba wanda zai gane. Akwai matan da ya shigo da su haka, ya kuma zo ya shigo da 'ya'yansu.

A daminar 1999 babur ya zame da shi a hanyar Agyaragu, ya karye a cinyar hagu. An kai shi wurin mai ɗori, ƙashi ya kama, amma ƙafar ta dawo a gajarce kuma ba ta lanƙwasuwa sosai. Daga nan ya koma tafiya da sanda. Ban taɓa ganin mutumin da ya tsani abin da ke taimakonsa kamar yadda Baba ya tsani sandar nan ba. In za a ɗauki hoto sai ya tura ta bayan kujera. Ogan kuwa da ƙafar dama kaɗai yake taka shi, kafin a tashi sujada rigarsa ta jiƙe sharkaf, kuma duk wanda ya ce a taya shi takawa ya ja wa kansa faɗa.

Ni jita ce tawa. Baba ya so ya zaunar da ni a kan ogan, na koyi ɗan abin da na koya, amma raina na wurin jitar lantarki ta matasan coci, wata ja mai tsatsar waya da ake kullewa a ofishin fasto. Na iya ta daidai gwargwado, mutane suka yaba, ni kuma na ɗauki yabon na ɗora a ka na yi ta yawo da shi. Ina da shekara ashirin da 'yan kai, na gama sakandare, ban sami gurbin ƙaro karatu ba. Abin da nake da shi a wadace biyu ne, lokaci da girman kai.

Wata rana a 2001 na tsaya wurin wani mai sayar da kaset a baro, a bakin tashar mota. A ƙasan tulin na ga wani mai hoton Bature, gashi har gadon baya, ya rungume jita ya wage baki kamar an taka masa yatsa. Mai baron mutumin kirki ne, ya ce mini kada in ɓata kuɗina, kaset ɗin ya lalace, mutum uku sun saya sun dawo masa da shi, ba komai a ciki sai ƙara. Na saya don hoton jitar.

Da na sa shi a gida na ji abin da ya kori mutum ukun. Jitar ba kukan jita take yi ba, gurnani take, kamar injin niƙa da aka zuba wa tsakuwa, ganguna kuma na bin ta a guje. A bayan kwalin na karanta sunan irin kiɗan, wai hebi metal. Har na kai hannu zan kashe, sai kiɗa na uku ya fara, na janye hannun. Kiɗan shigowar amarya ne na Baba. Shi ɗin dai, ba ko tantama, sai dai an cire masa birki. Abin da Baba ke kaɗawa cikin minti uku wannan mutumin ya cinye shi a ɗaya da rabi, ya dawo ya sake, yana yi masa ado da wasu ƙananan sautuka masu zubowa kamar an ɓarke buhun riɗi.

Har ranar ina tsammanin kiɗan na cocinmu ne, ko ma Baba ne ya ƙago shi. A hankali na gane tsohon kiɗan Turawa ne, an rubuta shi shekaru aru-aru don goge irin nasu. Duk kaset ɗin ma haka yake, kiɗe-kiɗen kakanni ne jikoki suka ɗauko suka sa musu wutar lantarki. Na rantse wa kaina sai na iya na ukun, ko yatsuna za su guntule.

Ba ƙaramin aiki ba ne. Na farko, a duk Lafiya ban san mai na'urar da ke sa jita gurnani ba. Da lalube na gano cewa in na cusa wayar jita a ramin makirufo na wani tsohon rediyon kaset da ke ɗakina, na ƙure ƙararsa, sannan na fitar da sautin zuwa amfilifaya, muryar takan fashe ta yi kama da ta Baturen. Na biyu, saurin. Kunnena ba ya iya raba sautukan, kafin in kama ɗaya goma sun wuce. Nan talauci ya yi mini rana. In batir ya yi sanyi, kaset yakan ja jiki, muryar ta yi kauri, komai ya ragu. Sai na riƙa tara matattun batura da gangan, ina juya kaset baya da biro don kada in ƙarasa su, ina tsintar sautukan ɗaya bayan ɗaya.

A haka Baba ya same ni wata la'asar a gindin mangwaron tsakar gida. Batir ya kusa mutuwa, kiɗan na tafiya a hankali, kusan yadda shi yake kaɗa shi. Ya tsaya, ya dogara sanda, ya karkata kai. Na zaci faɗa zai yi, don na san Mama ta riga ta sa wa kaset ɗin suna kiɗan aljanu. Sai ya jawo kujera ya zauna, ya ce in sa sabon batir ya ji yadda mai abin ya yi abinsa. Ya saurara har ƙarshe, yatsunsa na motsi a kan gwiwa. Ya ce mutumin nan yana da hannu, ko sauti ɗaya bai yar ba. Sannan ya ce, “Amma wannan amaryar tasa, kare ne ya biyo ta?”

Muka yi dariya har Mama ta leƙo daga kicin. Washegari ya ɗauko takarda da rula, ya ja layuka biyar, ya sa na yi ta maimaita masa wurin da ya gagare ni, ya rubuta mini shi ɗigo bayan ɗigo. Kwana uku yana koya mini karanta abin da na ƙi koya shekara goma. Da wasu dattawan coci suka fara gunaguni cewa ɗan mai ogan ya ɗauko kiɗan mashaya, shi ya tare mini, ya ce musu kiɗan daga littafinsa ya fito, in suna so ya kawo su gani. Ina faɗin wannan ne don kada wani ya yi mini uzuri. Ba uban da ya hana ɗansa abin da yake so nake da shi ba.

A 2004 aka sa ranar auren ƙanwata. Mu uku ne a wurin iyayenmu, ita kaɗai ce mace, kuma ita ce 'yar lelen Baba. Angon mutumin Assakio ne, ma'aikacin asibiti, danginsa masu yawa da rufin asiri. Ana ta lissafin shinkafa da ankon zumuntar mata, ba wanda ya tuna da wata matsala sai Baba. Uban amarya ne ke riƙo hannunta, mai ogan kuma yana kan ogan. Wannan karon mutum ɗaya ne.

Bayan addu'ar safe ya ce in tsaya. Ya ce ya shigo da 'ya'yan mutane shekara talatin da wani abu, ga tasa ta zo, ita ce kaɗai ba zai iya kaɗa wa ba, kuma ba ya so baƙon hannu ya taɓa kiɗan nan. Ni zan kaɗa. Ya kalli ƙofa ya tabbata Mama ta fita, sannan ya rage murya.

“Kuma ba da sanda zan kai ta ba,” in ji shi. “Da ƙafata zan kai ta. Sau ɗaya ne, ba zan sake aurar da 'ya ba.”

Muka gwada a ogan, takuna ba ya daidaita, iska na yankewa. Sai ya yarda in yi da jita, da muryarta ta ainihi, ba gurnani, ba ganga. Ya ce haukata kuma in ajiye ta sai wurin liyafa, a can in ga dama in fasa sifika, shi zai fara tafa mini.

Wata biyu muka yi muna zuwa coci duk Talata da Juma'a da yamma, in ba kowa. Ni ina gaba da jita, shi da ƙanwata suna bakin ƙofa, ita da silifas da zane, shi ya jingine sanda a bango. Ranar farko benci huɗu ya wuce ya damƙi na biyar, yana haki. Bai yarda a miƙo masa sandar ba. Ya huta, suka koma baya, aka sake. Ƙafar hagun sai ya jawo ta ya ajiye, ya ɗan dakata, sannan ta dama ta biyo, saboda haka kiɗan ma dole ya riƙa ɗan numfasawa a wurin. Doka ɗaya ya ba ni, ya kuma maimaita ta har na gaji da ji: kada in kalli wayoyin jita, in kalli ƙafarsa ta hagu, ita ce shugabar mawaƙa.

Yanzu na san kiɗan ya yi daɗi a haka, a cikin cocin da ba kowa, rana na shigowa ta taga. A lokacin kuwa gundurata yake yi. Yatsuna sun iya abin da ya ninka wannan sau goma, ga ni ina ɗiga sauti ɗaya-ɗaya kamar famfon da ruwa ya ɗauke. A makon ƙarshe Baba ya taho tun daga ƙofa har gaban bagade bai taɓa komai ba, ya tsaya daidai da sautin ƙarshe. Ƙanwata ta fashe da kuka. Shi kuwa ya yi ta gyaran murya yana cewa saura gyara, amma a hanyar gida ya saya mana tsire, abin da bai saba ba. Ya gaya wa Mama ranar auren a bar sanda a gida. Mama ta ce to.

Aka ɗaura auren wata Asabar bayan Ista, ana tsananin zafi. Abokan ango sun ɗauko 'yan kiɗa daga Makurdi don liyafa, su kuma suka ce bari su fara kafa kayansu a coci su taya mawaƙa. Ban taɓa ganin kaya irin nasu ba. Sifikoki sun kai ƙirjina, ganguna na ƙyalli, mai jitarsu yana da wasu ƙananan akwatuna a ƙasa da yake takawa da takalmi. Ya ɗauki jan jitarmu ya juya ta, ya kalli tsatsar, ya miƙo mini yana murmushin da na fi son mari a kansa. Na tambayi shugabansu ko za su ba ni minti biyar a wurin liyafa. Ya ce tsarinsu ya cika, ba wuri. Mai jitar ya ƙara da nasa: “Kai ne za ka buga na tsofaffi ɗin, ko? Abeg ka yi ka gama, mu muna da aiki.”

Wannan ce duk maganar. Na sha juya ta a raina ina neman inda ta yi nauyin da zai ɗauke mini laifi, ban samu ba. Baƙo ne, bai san ni ba, bayan ranar ban sake ganinsa ba. Amma zuciyata ta hau, na ji in ban nuna wa mutumin nan ko ni wane ne ba, ba zan iya haɗiye ruwa ba. Rediyona na cikin jaka, na kawo shi don liyafa. Liyafar kuma an rufe mini. Abin da ya rage mini a duniya minti ukun nan ne.

Na durƙusa bayan amfilifaya na haɗa wayoyin. Na ce wa kaina muryar kawai zan sauya, tafiyar tana nan yadda muka koya. Ƙarya nake yi wa kaina, kuma ina jin na sani. Shekara uku ina kaɗa kiɗan nan da wannan murya, da gudu ɗaya kaɗai yatsuna suka san ta.

Coci ya cika har waje. Fasto ya ɗaga hannu, jama'a suka miƙe, aka buɗe ƙofa. Na hango su can cikin hasken rana, ƙanwata cikin farar riga, Baba cikin baƙin kwat ɗinsa da sabon takalmi, ba sanda, ya miƙe ƙyam. Na ga wannan da idona. Sannan na sunkuyar da kai na daki wayoyin.

Ƙarar ta cika cocin kamar an tayar da tirela a ciki. Na ji wata tsohuwa ta yi salati irin namu, jarirai suka tsandara kuka. Layin farko na yi ƙoƙarin riƙe shi, na biyu ya suɓuce. Mai gangar Makurdi ya ji abin da ya sani, ya shigo da ƙarfinsa, daga nan kuwa ba sauran birki. Na rufe ido. Ba zan ɓoye ba, daɗi nake ji. Wurin da Baba ya rubuta mini a takarda ya zo, na bi ta kansa ban yar da ko ɗaya ba, ina ji a jikina cewa mai jitar nan ya saki baki. Ban tuna da wata ƙafar hagu ba sam.

Gangar ce ta fara tsayawa. Na ci gaba ni kaɗai na ɗan lokaci, sannan na ji wani irin sauti daga jama'a, kamar kowa ya ja numfashi a tare. Na buɗe ido.

Baba na ƙasa a tsakiyar hanya, kusa da gaba. Ya faɗi a kan gwiwa da tafin hannu, ya janyo ƙanwata har ta durƙusa, lulluɓinta ya zame gefe, furanninta sun watse a siminti. Tabaransa na can ƙarƙashin benci. Surukai na kallo, ɗalibansa na da na kallo, matan da ya shigo da su ɗaya bayan ɗaya na kallo. Mutum biyu suka zabura za su ɗaga shi, ya ɗaga musu hannu, ya yunƙura da kansa, ƙafar ta ƙi. Ya sake yunƙurawa, ta ƙi. Sai ga Mama ta fito daga layin zumuntar mata da sandar a hannu, ashe ta naɗo ta a zane ta tura ƙarƙashin benci. Ta miƙa masa. Ya karɓa.

Da sanda ya ƙarasa kai 'yarsa gaban fasto, ba kiɗa. Ba abin da ake ji sai ƙwas-ƙwas ɗinta a siminti da tsuwar rediyona ta cikin sifika, don ko kashe shi ban yi ba. Na so ƙasa ta tsage in shige. Da fasto ya tambayi wanda ya ba da wannan mace aure, Baba ya ce shi ne, muryarsa ba ta yi rawa ba. Wandonsa ya yage a gwiwa, jini na tsattsafowa.

Akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba sai yanzu. Da aka fito, ina naɗe wayoyi, mai jitar Makurdi ya zo ya kama hannuna ya girgiza, ya tambaye ni inda na koyi wannan, ya ce bai zaci akwai mai yin haka a Lafiya ba. Na ji daɗi. Mahaifina na waje ana goge masa jini da hankici, ni kuma na ji daɗi. Na daƙiƙa kaɗan ne, amma ya faru, kuma duk cikin abin da na yi ranar shi ya fi ci mini rai.

Hotunan auren suna nan. A kowanne Baba na tsaye da sanda a gabansa, ya ɗora hannu biyu a kanta.

Gwiwar ta kumbura, ya yi mako biyu a kwance. Masu zuwa dubiya yakan ce musu sabon takalmi ne da santsin siminti. Mama ta yi wata guda ba ta amsa gaisuwata sai da ka, abincina kuma a ajiye mini a bakin ƙofa kamar na baƙo. Dattawan coci suka dakatar da ni daga kiɗa wata uku. Shi kuwa Baba bai taɓa tayar mini da maganar ba. In na shiga gaishe shi ya amsa, ya tambaye ni labarin takardun makaranta, ya aike ni sayen man zafi. Na yi ta jiran faɗan, da ya zo da na sami sauƙi, bai zo ba.

An ce tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta, ni ma haka na yi. Na ƙera wa kaina hujja, na yi ta wasa ta har ta yi kaifi. Hujjar ita ce, wa ya ce ya bi kiɗan? Ai ba ɗaure shi na yi da igiya ba. Da ya yi tafiyarsa yadda ya saba, ni ina haukata, shi yana takunsa, da ya isa lafiya. Tsohon makaɗi ne kawai, ƙafarsa ba ta iya jin kiɗa ta ƙi bi. Na faɗa wa abokaina, suka gyaɗa kai. Na faɗa wa ƙanena. Na faɗa har na fara yarda da ita, har ma wani lokaci in ji haushin Baba, wai ya ja mini zagi a gari da taurin kansa. Bayan wata ukun na koma kiɗa a coci, ina shiga ina fita kamar wanda aka zalunta ya yi haƙuri.

Fiye da shekara muna haka. Sai ƙanwata ta zo gida daga Assakio da jaririnta na fari, ta yi mana mako biyu. Wata rana da hantsi muna zaune a tsakar gida ni da ita muna ɓarar agushi, yaron na barci a tabarma, zance ya kai mu ga ranar aurenta. Ba ta taɓa yi mini maganar ba. Na ga kamar ta huce, sai na zaro hujjata na shimfiɗa mata, da 'yar dariya ma, wai ai Baba ne da rigima, wa ya aike shi gudu.

Ta ajiye tiren a ƙasa. Ta juyo ta dube ni.

“Broda, abeg ka yi shiru,” in ji ta. “Ka san me ya faru a bakin ƙofa? Da ka fara wannan abu naka, ni na tsaya. Na ce ba zan shiga ba sai ka gyara. Baba ya matse hannuna, ya ce, ɗan'uwanki ya ɗauko da sauri, mu bi shi. Na ce Baba ba za ka iya ba. Ya ce in mun yi tafiyarmu a hankali, kowa zai san ya yi kuskure a gaban baƙi. In mun bi shi, za a ce haka muka shirya.”

Ta ce tana jin sa tun daga benci na uku yana ƙirga kiɗan a ƙarƙashin numfashi, yana jefa ƙafar. Ta ce daga baya ya hana ta gaya mini, ta kuma riƙe, amma ba za ta zauna tana jin ina zagin mutumin nan da dariya ba. Ta ɗauki tirenta ta ci gaba da ɓara, hawaye na ɗiga a kan agushin.

Ban san tsawon zaman da na yi a wurin ba. Kunya iri-iri ce, na ranar auren mai zafi ce, ta jama'a. Wannan mai sanyi ce, ta shiga har ƙashi, don ba wanda ke kallona. Shekara guda ina ɗora wa mutum laifin abin da ya yi don ya rufa mini asiri.

Baba na ɗakinsa a bakin gado, ya miƙe ƙafar a kan kujera yana jin labarai a rediyo. Na shiga na durƙusa a gabansa. Ya rage murya. Na ce, “Baba, na ji abin da ka faɗa a bakin ƙofa. Ka yafe mini.”

Ya yi tsaki kaɗan, ya ce yarinyar nan ba ta da riƙon magana, halin uwarta. Ya kashe rediyon. Ya daɗe yana kallon ƙafar tasa, yana shafa gwiwar da tafin hannu.

“Saura benci uku fa,” in ji shi. “Uku kawai. Da ƙafar nan ta riƙe ni da mun kai, da ba wanda ya ce maka komai. Ka yi haƙuri.”

Ni na zo neman gafara, shi ya ba ni haƙuri. Na kasa ɗaga kai in dube shi. Har Mama ta leƙo ta ce abinci ya sauka ina nan durƙushe a wurin.